Yadda Ake Kare Aikin Manhaja Daga Rushewa a Sakkwato da Wurare Irinta

Duk wanda aka ɗora wa alhakin samar da manhajar kwamfuta ga makaranta, ko asibiti, ko ma'aikatar gwamnati, ko wani babban ɗan kasuwa a Sakkwato, ya kamata ya shiga aikin da sanin cewa abin da zai kayar da shi ba safai yake fitowa daga cikin rubutun manhajar ba. Muna da matasa da suka fito daga Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Jami'ar Jihar Sakkwato da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi waɗanda suka iya rubuta manhaja mai kyau. Abin da ke kashe aiki yawanci yana wajen kwamfutar ne: wutar da ba ta tsayawa, sabis ɗin waya da ke ɗaukewa, dalar da ke tashi bayan an riga an sa hannu a kan farashi, shugaban da ya kawo aikin aka sauya masa wurin aiki, da kuma akawun da za a ɗora wa manhajar ba tare da an taɓa jin ta bakinsa ba.

Farfesa Richard Heeks na Jami'ar Manchester da ke Ingila ya daɗe yana nazarin wannan matsala. A 2003 ya ƙiyasta cewa daga cikin ayyukan mayar da hidimar gwamnati kan kwamfuta a ƙasashe masu tasowa, kashi 35 cikin 100 sukan rushe gaba ɗaya, kashi 50 sukan yi rabi da rabi, kashi 15 ne kawai ake iya cewa sun yi nasara. Dalilin da ya bayar ya fi alƙaluman amfani ga mai aiki. A ganinsa, aiki yana rushewa ne gwargwadon tazarar da ke tsakanin abin da masu tsara manhaja suka ɗauka akwai, da abin da yake akwai a zahiri a wurin da za a yi amfani da ita. Duk matakan da ke tafe a kan rage wannan tazara aka gina su.

Raba abin da yake tabbas da abin da ake tsoro

Mataki na farko, wanda aka fi yawan tsallakewa, shi ne a zauna a raba matsaloli gida biyu. Akwai waɗanda ake da tabbacin za su faru, akwai kuma waɗanda mai yiwuwa su faru, mai yiwuwa kuma a tsira daga gare su. Ɗaukewar wuta a Sakkwato tana cikin gida na farko. Haka zafin watannin Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40, haka ƙurar hunturu da ke toshe fankar kwamfuta, haka raunin intanet da zarar an bar birni an nufi Gudu ko Tangaza ko Kebbe. Wanda ya rubuta ɗaukewar wuta a jerin abubuwan da yake fatan Allah ya kiyaye ya yaudari kansa, domin wannan sharaɗi ne na aikin, kuma wurinsa yana cikin zanen manhajar da kasafin kuɗinta tun daga ranar farko.

Gida na biyu shi ne ainihin haɗurran da ake bibiya: babban mai rubuta manhajar ya samu aiki a Abuja ko Legas ya tafi, a jinkirta biyan kuɗi wata shida, hukuma ta fito da sabuwar doka, ko a rufe layukan sadarwa saboda tsaro. Amfanin wannan rabo shi ne yana hana shugaban aiki ɓata lokacin taro a kan abin da ya kamata a ce an riga an warware, ya kuma ba shi damar zuba ido a kan abin da zai iya zuwa masa ba zato.

Zuwa gani da ido kafin a faɗi farashi

Kada a kuskura a rubuta farashi ko wa'adi daga zaman da aka yi a ofishin shugaban ma'aikata kawai. Shugaba yakan bayyana aikin yadda doka ta tsara shi, ma'aikatan ƙasa kuwa su ne suka san yadda ake yin sa. A nemi izini a wuni a wurin da za a kafa manhajar, a rana mai cunkoso, ba ranar da aka share ofis don baƙi ba. Idan asibiti ne, a zauna a ɗakin kati daga safe har azahar a ga yadda ake karɓar marasa lafiya. Idan makaranta ce, a je lokacin rajistar ɗalibai ko lokacin haɗa sakamakon jarrabawa. Idan shagon dillalin hatsi ko takin zamani ne, a je ranar kasuwa.

A wannan ziyara akwai abubuwan da dole a dawo da amsarsu a rubuce. Awa nawa ake samun wuta a rana, kuma wa ke sayen man janareto? Wane layin waya ne ke da ƙarfi a cikin ginin, ba a bakin titi ba? Kwamfuta nawa ke aiki a cikin waɗanda aka lissafa a takarda? Mutum nawa ne a cikin ma'aikatan suka iya buga rubutu a kwamfuta da sauri, kuma da wane harshe suke aiki a tsakaninsu? A karɓi kwafin kowane fom da kowace rajista da ake cikewa da hannu, a kuma kula sosai da abin da ma'aikata ke rubutawa a gefen takarda, domin sau da yawa a can ne ainihin ƙa'idar aikin take. Akawun da ke rubuta sunan unguwa da sunan mai unguwa a gefen katin marar lafiya yana gaya maka cewa adireshi mai lambar gida da sunan titi ba zai yi aiki ba a nan, ko da kuwa haka manhajar da aka kwaikwayo daga Turai ta tanada.

Akwai tambaya guda da ba a yin ta a gaban jama'a, amma dole shugaban aiki ya samo amsarta: wa zai rasa wani abu idan manhajar ta fara aiki? Manhajar tattara kuɗin shiga tana toshe wata kafa, manhajar albashi tana fallasa sunayen da babu masu su, manhajar sito tana nuna kayan da suka fita ba da takarda ba. Ko da babu wata almundahana, akwai ma'aikacin da darajarsa a ofis ta dogara ga cewa shi kaɗai ya san inda fayil yake. Irin waɗannan mutane ba za su ce ba sa so ba. Za a dai riƙa jin cewa manhajar tana da nauyi, ko makullin ɗakin kwamfuta ya ɓata, ko a bari sai wata mai zuwa. Idan bayan ziyarar aka gane cewa masu iko a wurin ba su da niyyar barin aikin ya tsaya da ƙafarsa, to da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, a bar kwangilar tun suna bai ɓaci ba.

Rajistar haɗari da yadda ake riƙe ta

Bayan an dawo, sai a tara duk masu ruwa da tsaki, har da wakili ɗaya ko biyu daga ma'aikatan da za su yi amfani da manhajar, a buɗe rajistar haɗari. Ba ta buƙatar wata manhaja ta musamman, shafin Excel ko ma littafi mai layi ya wadatar. Kowane haɗari a rubuta shi cikin cikakkiyar jimla mai sanadi da sakamako. Rubuta kalmar “kuɗi” kawai ba ya taimakon kowa. Abin da ke da amfani shi ne a ce: idan ba a biya kaso na biyu ba kafin ƙarshen Satumba, ba za a iya riƙe masu rubuta manhaja biyu ba, kuma sashen rahoto zai tsaya.

Daga nan a ba kowanne maki biyu daga 1 zuwa 5, ɗaya na yiwuwar aukuwarsa, ɗaya na girman ɓarnarsa, sannan a ninka su. Haɗarin da ya samu 4 a yiwuwa da 5 a ɓarna ya tashi 20, wanda ya samu 2 da 2 ya tashi 4. A ra'ayina duk wanda ya kai 15 zuwa sama bai kamata a tashi daga taron ba sai an yanke abin da za a yi a kansa. Hanyoyin kuwa huɗu ne aka sani: a kauce masa ta hanyar sauya tsari, ko a rage shi, ko a miƙa shi ga wani ta hanyar yarjejeniya ko inshora, ko kuma a karɓe shi da sani a ware masa kuɗi da lokaci.

Abu biyu ne ke bambanta rajista mai rai da wadda aka yi don cika sharaɗin masu ba da tallafi. Na farko, kowane haɗari ya kasance da sunan mutum guda da ke bibiyarsa, ba sunan kwamiti ko sashe ba. Na biyu, a rubuta alamar da idan an gan ta za a ɗauki mataki ba tare da sake kiran taro ba, misali idan biya ya makara da kwana 30, ko dala ta ƙaru da kashi 10 cikin 100 a kan farashin ranar sa hannu. A riƙa duba goman da suka fi maki kowane mako biyu, na minti ashirin kawai. Kuma wajibi ne shugaban aiki ya nuna wa ƙananan ma'aikatansa cewa kawo labari marar daɗi da wuri abin yabo ne. Tarbiyyarmu ta girmama na gaba abu ne mai kyau, amma a aikin manhaja takan sa yaro ya ce wa maigidansa “an kusa gamawa” alhali ya san an maƙale tun makon jiya. Maganin wannan shi ne a daina tambayar inda aka kwana da baki, a ce a nuna abin da ke aiki a kan allo.

Wuta, zafi da sabis

A nan ne tsarin manhajar kansa yake zama garkuwa. Ƙa'idar da nake ganin ta fi kowace muhimmanci ita ce a gina manhajar ta yadda za ta yi aikinta na yau da kullum ba tare da intanet ba, ta adana bayanai a kan wayar ko kwamfutar da ake aiki da ita, sannan ta tura su zuwa babbar ma'ajiya, wato kwamfutar da ke tattara bayanan dukkan na'urorin, duk lokacin da sabis ya samu. Wannan ba sabon abu ba ne, domin manhajojin tattara bayanai irin su ODK da KoboToolbox, waɗanda ma'aikatan lafiya da ƙungiyoyin agaji suka saba da su, a kan haka aka gina su. Wanda yake ganin wannan tanadi ya yi yawa ya tuna watan Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a Jihar Zamfara baki ɗaya, sannan aka rufe su a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato saboda matsalar 'yan bindiga. Ya kuma tuna ranar 14 ga Maris 2024, da manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da kamfanoni suka shiga tasku har a manyan birane.

Sai dai aiki ba tare da intanet ba yana da nasa tarkon, kuma dole a warware shi tun a zane. Idan akawu a Illela da wani a Gwadabawa suka yi wa mutane biyu rajista alhali duk ba sa kan layi, kada manhajar ta ba su lamba iri ɗaya, don haka kowace na'ura ta kasance da nata harafin farko ko tata hanyar samar da lambar da ba za ta yi karo da ta wata ba. Idan mutum biyu suka gyara bayani guda a wurare daban, a yanke tun farko na wa za a ɗauka, kuma kada a goge ɗayan, a ajiye shi inda mai kula zai gani. A kuma sani cewa agogon wayoyi da yawa ba daidai yake ba, saboda haka babbar ma'ajiya ta riƙa buga nata lokacin a kan duk abin da ya iso mata.

Ta fuskar kayan aiki, kwamfutar tafi-da-gidanka ko babbar waya ta fi kwamfutar tebur dacewa da mu, domin tana da batirinta kuma wutar da take ci ba ta kai rabin ta tebur ba. Ƙaramin tsarin sola mai inbata da batir, wanda aka keɓe wa kwamfutoci da na'urar intanet kaɗai, ya fi dogaro da babban janareton ma'aikata, wanda kunna shi ke hannun wani. Tun bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, kuma ofisoshi da yawa sun rage awoyin kunna inji. A sa layukan waya biyu na kamfanoni daban. Idan za a ajiye babbar kwamfutar ma'ajiya a harabar ma'aikata, a nema mata ɗaki mai iska wanda rana ba ta dukan bangonsa da yamma, a kuma sa ranar kakkaɓe ƙura a jadawalin aiki. Idan jama'ar gari ne za su yi hulɗa da manhajar, a tanadi saƙon tes ko lambar da ake dannawa a ƙaramar waya, domin manomin Wurno ko Goronyo ba lallai ne ya riƙe babbar waya mai data ba.

Kuɗi da takardar yarjejeniya

Mai aikin manhaja a Nijeriya yana karɓar naira, amma kaso mai yawa na abin da yake kashewa da dala ake lissafa shi: hayar ma'ajiya a intanet, lasisin wasu manhajoji, sunan shafin intanet, da kayan kwamfuta da ake shigowa da su. Kafin tsakiyar Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, amma zuwa Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Wanda ya sa hannu a kan kwangilar shekara biyu da farashi tsayayye a farkon 2023, kuɗin hayar ma'ajiyarsa ya ninka fiye da sau uku ba tare da an ƙara masa kwabo ba. Saboda haka a ware duk abin da ke da alaƙa da dala a layi na daban cikin kasafi, a rubuta farashin canjin ranar da aka yi lissafi, a kuma amince a rubuce cewa idan ya motsa fiye da wani kaso za a sake duba wannan layi. Kayan da za a saya a saye su da zarar kuɗin farko ya shigo. Inda akwai manhaja ta kyauta mai buɗaɗɗen tushe, wato wadda kowa ke iya duba rubutunta ya gyara, da za ta biya buƙata, a fifita ta a kan mai lasisin da ake sabuntawa kowace shekara da kuɗin waje.

Biya kuwa a karkasa shi bisa abin da aka kammala aka nuna, kuma kowane kaso na aikin ya zama abu ne mai amfani ko da an tsaya daga nan. Idan manhajar makaranta ce, a fara da rajistar ɗalibai ta fara aiki, sannan sakamakon jarrabawa, sannan biyan kuɗi. Ta haka idan kuɗi ya yanke a tsakiya, makarantar tana da wani abu a hannu, ɗan kwangila kuma bai bi bashin aikin shekara guda ba. Mai aiki da gwamnati ya lura da kalandar kasafin kuɗi da ta zaɓe, domin aikin da ya ratsa canjin gwamnati ko canjin kwamishina yana buƙatar sabon mai goyon baya, kuma takardar da babban sakatare ko daraktan sashe ya sa wa hannu ta fi alƙawarin baki na ɗan siyasa daɗewa. A ganina, ware kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na kasafi don abin da ba a zata ba bai yi yawa ba a yanayinmu.

Sai kuma buƙatun da ke ƙaruwa bayan an fara. Da wuya a ce wa babba a'a kai tsaye idan ya ce a ɗan ƙara masa abu kaza, kuma ba sai an ce a'a ba. A amsa da ladabi, a koma a rubuto masa kwana nawa da naira nawa ƙarin zai ci, da abin da zai jinkirta, a nemi sa hannunsa. Da yawa daga irin waɗannan buƙatu a nan suke tsayawa. Takardar yarjejeniya ta kuma fayyace wanda ya mallaki rubutun manhajar da bayanan da ke ciki, da wanda zai biya kuɗin kula da ita bayan an miƙa ta, domin ayyuka da dama suna mutuwa ne a shekara ta biyu, ranar da hayar ma'ajiya ta ƙare ba wanda ya sa kuɗinta a kasafi.

Kada aiki ya rataya a wuyan mutum guda

Ƙwararren mai rubuta manhaja yana iya samun aikin da ake biya da dala yana zaune a ɗakinsa a unguwar Mabera ko Arkilla a birnin Sakkwato, don haka a ɗauka cewa mafi iyawa a cikin ma'aikatanka zai iya tafiya kafin a gama. Rubutun manhajar ya zauna a ma'ajiya irin GitHub a ƙarƙashin sunan kamfani ko ma'aikata, ba a kwamfutar mutum ɗaya ba. Kowane sashe ya kasance akwai mutum na biyu da ya karanta shi ya fahimta. Kalmomin sirri na ma'ajiya da sunan shafi da adireshin imel kada a buɗe su da lambar wayar wani ma'aikaci ko ɗan bautar ƙasa da zai kammala ya koma garinsu. Idan aiki ya makara, a guji ɗebo sababbin mutane a zuba, domin koya musu zai cinye lokacin tsofaffin, abin da ya fi shi ne a rage abin da za a miƙa a zagayen farko.

Horon masu amfani da manhajar a yi shi da Hausa, a wurin aikinsu, da bayanansu na gaske, ba a ɗakin taro na otal ba. A horar da aƙalla mutum biyu a kowane tebur saboda canjin wurin aiki da hutu, a kuma tanadi mace mai horarwa inda ma'aikatan mata ne, kamar ɗakunan awo da haihuwa.

Bayanai da doka

Tsofaffin bayanai sukan ci lokaci fiye da yadda kowa ya zata. Mutum guda yana iya bayyana a matsayin Muhammad a wata rajista, Muhammadu a wata, Mohammed a ta uku, wani wurin kuma da sunan garinsu a madadin sunan mahaifi, kamar yadda aka saba a ƙasar Sakkwato. Mutane da yawa ba su riƙe ranar haihuwarsu ba, shi ya sa ake samun tarin masu 1 ga Janairu a cikin kundi. Manhajar da ta ɗauka cewa suna da ranar haihuwa sun isa su bambanta mutane za ta haɗe mutum biyu ko ta raba mutum ɗaya gida uku. A ba kowa lambarsa, a bar wurin rubuta ƙiyasin shekaru, a kuma gwada tun da wuri cewa haruffan ɓ da ɗ da ƙ suna shiga, suna fita daidai a takardar da aka buga, kuma mai neman suna zai same shi ko da bai sa lanƙwasar ba.

Tun watan Yunin 2023 Nijeriya tana da Dokar Kare Bayanan Jama'a, da hukumar da ke kula da ita, wato NDPC. Dokar ta wajabta a karɓi bayanin da ake buƙata kawai, a kare shi, kuma idan aka samu kutse mai iya cutar da masu bayanan a sanar da hukumar cikin awa 72. Tura jerin sunayen marasa lafiya ko lambobin NIN na ɗalibai a zauren WhatsApp abu ne da ya kamata a hana a rubuce. Kwafin ajiya kuwa a yi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya a wajen ginin, kuma sau ɗaya a wata a gwada dawo da bayanai daga kwafin a tabbatar yana buɗewa.

Gwaji da ranar farawa

A fara da wuri guda, kuma kada a zaɓi mafi sauƙi. Ofishin da ke tsakiyar birni mai wuta da intanet ba zai nuna komai game da abin da zai faru a Isa ko Silame ba. A bar takarda da manhaja su tafi tare na wata ɗaya ko biyu, ana kwatanta alƙalumansu kowane mako, amma a sa ranar da za a daina takarda, domin ma'aikacin da aka bar shi da aiki biyu har abada zai zaɓi wanda ya saba. A kauce wa ƙaddamarwa a makon Sallah, ko goman ƙarshe na azumi, ko lokacin tafiya aikin Hajji da manyan ma'aikata da dama ba sa nan, ko tsakiyar damina idan hanyar ƙauyukan da za a je tana yankewa.

Gyaran da ake yi wa manhaja bayan ta fara aiki yana da haɗari kamar farawar kanta. A jarrabawar shiga jami'a ta 2025, hukumar JAMB ta fito ta amsa cewa matsalar fasaha ta shafi sakamakon ɗalibai kusan 380,000 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas, har aka sake musu jarrabawa, kuma bayanin da aka yi ya nuna cewa wani gyara ne bai isa ga dukkan manyan kwamfutocin ba. Idan hukuma mai wannan girma da gogewa za ta gamu da haka, ƙaramin kamfani ba shi da uzurin yin gyara da ka. A rubuta matakan sa kowane sabon gyara, mutum ɗaya ya yi, na biyu ya tabbatar a kan kowace na'ura, a kuma ajiye tsohon zubin ta yadda za a iya komawa gare shi cikin awa guda. Kada a sa gyara da yammacin Alhamis ko ranar Juma'a, lokacin da ba za a samu mai dubawa ba sai Litinin.

Kafin ɗan kwangila ya janye hannunsa, a zauna zaman miƙa aiki wanda a cikinsa ma'aikacin wurin ne zai yi komai da hannunsa: ya buɗe wa sabon ma'aikaci asusu, ya rufe na wanda ya bar aiki, ya ɗauki kwafin ajiya ya dawo da shi, ya kuma nuna inda aka rubuta ranakun sabunta hayar ma'ajiya da sunan shafi da adadin kuɗinsu. Haɗurran da ba a rufe ba a cikin rajista a karanta su ɗaya bayan ɗaya, a sauya sunan mai bibiyar kowanne zuwa wani daga cikin ma'aikatan wurin, sannan ɓangarorin biyu su sa hannu, a kuma sa ranar da za a sake zama bayan wata uku.